Kifin Tabarma a Barajin Garinmu

Wautar da na yi ƙarama ce: na ƙara wa labarin yayana gishiri, har gishirin ya fi miyar yawa.

Yayana ya dawo daga cin rani a bakin teku, ya ba mu labarin wani kifi mai faɗi kamar faifai, da wutsiya kamar bulala. Ya ce masu gadin teku suna da na'urar da take hasashen inda kifin yake taruwa, sai su je su tsare wurin kafin masu satar kamu su iso. Ban gane yadda na'ura take sanin zuciyar kifi ba, amma labarin ya zauna mini.

A lokacin babanmu ne mai gadin barajin garinmu, wato madatsar ruwa. An zuba 'ya'yan karfasa, an hana kamu har sai sun girma, amma yara suna kwashe su da gidan sauro. Dattawan komitin baraji sun gaya wa Baba, in ranar buɗe ruwa ta zo ba kifi, wani za a ba gadin. Ga ruwa da faɗi, ga Baba da ƙafa biyu.

Sai na ce bari in taimaka. Na gaya wa yara cewa wayar yayana ta nuna kifin nan yana cikin barajinmu, daidai gindin gawon gabas. A bakina faifai ya zama tabarma, wutsiya ta kai igiyar rijiya. Nufina su ji tsoro su bar ruwan.

Washegari gari ya tashi ya koma gindin gawo. Mai ƙosai ta kafa kasko. Wata tsohuwa ta rantse ta ga wutsiyar, wani makiyayi ya ce kifin ya ja masa akuya. Har na fara shakka: ni na ƙirƙiro shi, ko dama yana nan?

Baba ya kira ni. "Kai, ja'iri, wayar da ko caji ba ta riƙewa ita ce ta hango kifi?"

"Baba, hasashe ta yi."

"To ta hasaso mini inda masu gidan sauro suke."

Na nuna yamma, don can ne kawai ba kowa. Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Ya wuni bai ga ko ɗaya ba. Duk suna gabas suna jiran tabarma, kuma ba mai shimfiɗa gidan sauro a ruwa kakansa yana kallo.

Kallo ya huce, amma tsofaffi sun ji daɗin inuwar, suka mayar da wurin na dara. Su a gabas, Baba a yamma.

Ranar buɗe ruwa karfasa ta cika kwanduna, aka bar wa Baba gadinsa. Ba wanda ya kama tabarma. Yayana kuma ya hana ni taɓa wayarsa.