Filogin Da Sada Baduku Ya Ɗinka Wa Riga

Sada baduku ne, ɗan baduku. A Gubuchi aka haife shi, amma tun yana saurayi ya bi kasuwanni da jakar fatarsa, yau Makarfi gobe Kudan, har ya yada zango a wani gari da ke kan hanyar Ikara, ya yi aure, ya kafa rumfa. Aibinsa ɗaya, ba ya iya ganin abu tsirara. Ka ba shi wuƙa ya yi mata kube, sai ta dawo maka da zane da tuntu kamar za a kai ta gidan miji. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Hussaina. Hassanarta tun suna goye ta koma.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai aka kawo injin wuta ɗakin shan magani na garin. Soket ɗaya ne a bango, mai gurbi biyu. A ɗaya aka cusa filogin firjin da ake ajiye allurai. Ɗayan na oba-oba ne, akwatin da ake kiran Zariya da shi idan ciwo ya fi ƙarfin ƙauye. Shi yana da batir, don haka ba wanda ya damu da gurbinsa.

Wata rana lebura ya fizgi filogin firjin, ya tsage, wuta ta yi tartsatsi, fis ɗin da ke tsare layin wutar ya ƙone, aka daɗe ba lantarki. Mai gyaran da ya zo daga Zariya ya harhaɗa ɓallin, ya ɗaure da zare, ya ce kada a sake cirewa sai ya kawo sabo. Bai dawo ba. Malam Iliyasu, malamin asibitin, ya roƙi Sada ya ɗan naɗe shi da fata don kada ya watse. Ranar da aka kashe injin za a canja masa mai, Sada ya durƙusa a gindin bango ya wuni yana ɗinki. Fata kan fata, ja a sama, ga zane, ga tuntu har ƙasa. Filogi ya koma kamar ƙaramar gwanda, ya danne gurbin da ke kusa da shi ruf. Talatu ungozoma ta sa masa suna Ango, ta ce ya shigo ɗakin haya ya kori maƙwabci. Har daga ƙauyuka ake leƙowa a gan shi.

Tsakiyar damina naƙuda ta kama Hussaina. Ta kwana ta wuni, abu ya ƙi. Da hantsi Sada yana tsugune a bakin ƙofar asibitin, Talatu ta fito tana goge hannu.

"Ɗan a gicciye yake," in ji ta. "Wannan ba aikina ba ne, sai Zariya, kuma yau."

Ba mota a garin sai ranar kasuwa, rafi kuma ya cika, keke ba zai haye ba. Malam Iliyasu ya murɗa oba-oba, akwatin ya ɗan yi ƙara ya yi shiru. Batir ya mutu. Ya ɗauko wayar da ake haɗa shi da bango, ya juya, ya tsaya yana kallon Ango.

"A cire shi mana," Sada ya ce daga waje.

"Baba Sada, fatarka ce kaɗai ta riƙe shi. In ya watse fis ya ƙone, duka biyun mun rasa."

"To a kashe injin in farke ɗinkin."

"Jiya sai da aka kusan wuni ana murɗa shi kafin ya tashi. In ya mutu yau, ban san yaushe ba."

Daga ciki aka ji nishin Hussaina, siriri, ba irin na jiya ba. Sada ya buɗe jakarsa ya zaro wuƙar fira mai ƙotar itace. Ya tuɓe takalminsa zai shiga.

"Mayar da shi," in ji Malam Iliyasu. "Na taya ne, shi zai tare maka wutar. Daɓen da laima."

"In shigo gabanka da takalmi, Malam?"

"Kai dai sa abinka," Talatu ta ce. "Ranar da ka yi wa filogi rigar sallah ba ka ji kunya ba, sai yau?"

Ya shiga da takalmi. Aka sa masa busasshen benci ya durƙusa a kai. Malam Iliyasu ya ce hannu ɗaya kawai, ɗayan ya riƙe shi a baya, kada ya dafa bango.

Tuntun ya fara yankewa. Sannan ya shiga fere gefen da ya rufe gurbin, sili-sili. Ya san ɗinkinsa, bai taɓa yin wanda ke sakin jiki ba, yau kuwa ya so a ce ya yi ha'inci. Fatar ta sha laimar damina, ta kumbura. Yana kaiwa ta ƙasa sai ya ji wani abu ya bi wuƙar ya tsikare shi har gwiwar hannu. Filogin ya motsa, ƙugin firjin ya tsaya.  Can sai firjin ya ci gaba da ƙugi.

"Ya isa, Baba, sauko," in ji Malam Iliyasu.

"Saura kaɗan."

Ya goge tafinsa a riga, ya sake kama ƙotar can ƙarshe. Yana jin ƙarar zaren mai gyara a ƙarƙashin kaifin, ya kauce masa. Ɓallin fata ya faɗi, gurbi ya bayyana, cike da ƙasar zanzaro. Malam Iliyasu ya hure shi, ya tura filogin oba-oba. A karkace ya shiga, amma ya shiga. Akwatin ya yi shuu, ya daɗe yana yi, sannan wata murya ta ce Zariya ce, wane ne.

Sada bai ji sauran ba. A kan bencin ya zauna.

Motar asibitin Zariya ta iso bayan la'asar, ta tsaya hayin rafi, aka haye da Hussaina a kan ƙyauren ƙofa. Sai da kaka ta kusa sannan ta dawo, a rame, da ɗa namiji a bayanta.

Ango yana nan a bangon, gefe guda a aske, Talatu tana kiransa Bazawari. Sada ya koma rumfarsa. Masu kawo wuƙa sun fara ƙorafi wai kubensa ya zama fayau, ko tuntu babu. Yakan miƙa wa mutum abinsa ya ce ya gwada ya ga ko wuƙar tana fita da sauri.