Injin Yaya Bulus Ba Na Kilo Ba Ne

'Ya'yan Yaya Bulus ba su kyauta ba, kuma na faɗa musu a gaban jama'a. Ƙasar kabarin ubansu ba ta bushe ba suka yi magana da ɗan gwangwan ya zo ya ɗora injinsa a sikeli. Ni ƙanwar marigayin ce. Sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka wanda rubutuna bai yi masa ba ya kai ƙara.

Duk wanda ya zauna Kudenda ya san shi, mai gyaran sifikar nan da zai tsuguna gaban kare da tsakar rana yana kallon yadda yake haki. In ka gaishe shi sai ya ce, "Yi shiru, Malam yana koyarwa!"

Jikarsa ce mafarin abin, bakwaini aka haife ta. A asibiti aka sa mata injin numfashi, ba irin mai cika huhu ya saki ba. Wannan 'yar iska kaɗan yake turawa da sauri-sauri kamar hakin kare, ƙirjinta sai ɓari yake. Nas ta ce haka ya fi sauƙi ga huhun da bai yi ƙwari ba. Yaya ya ɗora tafin hannu a jikin injin ya ji yana rawa, ya ce, "Kai! Wannan ai sifika ce aka sa wa farar riga!" Yarinya ta rayu. Shi kuwa ya rantse sai ya haɗa mai araha wanda ƙaramin asibiti zai iya saya.

Daga nan babu sifikar da ta tsira. Ta cocinmu ta lalace aka kai masa, shiru, shiru. Fasto ya je da kansa, ya tarar an ɗaura mata tiyo da balan-balan tana ta karkarwa.

"Baba Bulus, da me zan yi wa'azi?"

"Da muryar da kake kiran a kawo kuɗin baiko, Fasto. Har Kamazou ake jin ta."

Da balan-balan suka ishe shi da fashewa sai ya koma sayen huhun akuya wajen mahauci. Ya aika a kira ni shaida. Ya tayar da janareta, huhu ya soma motsi cikin roba.

"Saratu, kin gani? Yana numfashi!"

"To ina mara lafiyar?"

"Ita tun a mayanka ta riga mu. Wannan ba laifin injina ba ne." Ya kwance huhun ya miƙo min. "Yi mana farfesu, kada a yi asara."

Jama'a, na sha farfesu mai ɗanɗanon tiyo har na gode Allah!

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi na ce, "To Yaya, ga mara lafiya, ga inji."

Ya harare ni. "Ke, ni mahaukaci ne? Bai kai a sa wa mutum ba. Ku kai ni asibiti!" A hanya ya riƙe hannuna ya ce in ba Rifkatu injin. Ita ce 'yar ƙungiyar mawaƙan cocinmu mai gyaran na'urorin asibiti, wadda take zuwa duk Asabar su yi ta musu. Kullum takan ce masa da sauran aiki, amma ba ta taɓa cewa a bari ba.

Ya Ubangiji, kai ka hura wa mutum numfashi tun farko. Ka ba bawanka Bulus hutawa, ka ba jarirai marasa ƙarfi iskar da ya so ya ba su. Amin.

Washegarin ranar da na ji zancen sikelin, da safe, kafin ɗan gwangwan ya iso, na tare Keke Napep, na sa 'ya'yan nan suka ɗora injin da hannunsu. Na zauna baya na rungume shi, na ce wa mai Keke, "Shagon Rifkatu, Tudun Wada. Ka bi ramuka a hankali."