Ranar da Na Yi Muryar Matar Bature

Ina koyarwa a firamaren Dutsin-Ma, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, sai motar majigi ta zo gari. Mun saba da majigin noman gyaɗa da na lambar rigakafi. Wannan karon direban ya ce ya samo wani fim na Amurka, amma zazzaɓi ya kwantar da mai fassararsu. Da yake ina jin Turanci, aka damƙa mini lasifika.

Bayan sallar magariba aka kafa farin ƙyalle a filin makaranta. Sai da na hau bayan motar na hangi surukina, mahaifin matata, wanda ya kawo shanu kasuwa daga Kurfi, ya shimfiɗa buzunsa a sahun gaba.

Hoton kam ya burge ni. Fari da baƙi ne, ruwa na sheƙi a kan kwalta, hasken taga ya yanka fuskar mutum gida biyu. Ban taɓa sanin inuwa tana da kyau haka ba.

Sai ga wata Baturiya a cikin fim ɗin. Ta zauna ta ɗora ƙafa kan ƙafa, ta busa wa wani ƙato hayaƙin sigari a fuska, tana lallashinsa ya kashe mata mijinta. Na sauke lasifikar daga bakina.

"Malam, faɗa mana abin da ta ce!" in ji direban.

Na faɗa. Da bakina, da muryar da nake karantar da yara, na ce, "In ka kawar da shi, ni taka ce." Samari suka fashe da shewa. Ji na yi kamar na tauna ruɓaɓɓen goro.

Matar da ƙaton suka kashe mijin a cikin motarsa, suka ja shi da ƙafa suka yar a bakin hanya. Daga nan suka wuce gidan abinci, tana gyara jan baki, shi yana yankar nama. Har ƙarshe, da ƙaton ya harbe ta 'yan sanda suka kama shi, ban ga wanda ya zubar da hawaye ba.

Da aka watse na je na durƙusa gaban surukina, kaina a ƙasa.

"Malam," ya ce, "wancan da suka yar a hanya, an yi mashi wanka kuwa?"

"Ba a nuna ba, Baffa."

"Ba shi da dangi ne?"

"Ban ji an ambata ba."

Ya tofar da yawu gefe, ya naɗe buzunsa. Tuwon da 'yarsa ta ajiye mana, daga ni har shi ba wanda ya taɓa.

Washegari direban ya zo har aji, wai in bi su Kurfi in sake fassarawa. Na ce masa maƙogwarona ciwo yake, ya nemi wani.