Saratu da zaren da ba ta kai ga gyarawa ba

Shekara bakwai ke nan da muka binne ƙanwata Saratu a Yelwa, kuma har yau ina jin haushin tafkin garinmu, alhali na san ba shi ya kashe ta ba.

Sikila ce ta kashe ta. Amma a gidanmu na masunta, sunan ciwon shi ne sanyin ruwa. Inna ta hana ta shiga jirgi, ta hana ta wanki a bakin ruwa, 'yar masunci guda ta girma ba ta iya riƙe filafili ba. Da ta tafi jami'a ta karanci sinadaran jikin ɗan Adam, sai ta dawo da maganar da ta fi ciwon zafi: sanyi tayar da shi kawai yake yi, asalinsa gado ne, rabi daga uwa, rabi daga uba. Inna ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Ashe ni na ba ki ciwon ga?" Daga ranar ba ta ƙara zagin ruwa ba, kanta take zagi.

Ni na riga na yi aure ba gwajin jini, ɗiyata Hafsa kuma ta zo da irin ciwon. Saboda ita Saratu ta maƙale wa karatun gyaran ƙwayoyin gado. Wata rana Baba na ɗinkin tarun kamun kifi a tsakar gida, ta jawo ni, wai in zo in ga aikinta. Ta ce a jikin kowa akwai zare mai igiya biyu da ake kira DNA. Akwai kuma wani sinadari, enzayim, da ake ba shi samfurin wurin da ake nema. Sai ya bi zaren yana lalube kamar yatsun Baba, ya taɓa ya saki, ya taɓa ya saki. Inda samfurin ya dace, ya buɗe igiyoyin, ya kama gam, sannan ya yanke. "In bai tabbata ba, ba ya yanka, Yaya. Ya fi ka hankali." Kai, yarinyar nan da baki!

Bara aka faɗa a rediyo cewa likitoci a ƙasashen waje sun fara yi wa masu sikila magani da wannan dabara. Wallahi kuka na yi a kan babur, da fasinja a bayana. Me Saratu za ta ce yau? Na san ta. Za ta yi guɗa, sannan ta ɗaure fuska ta tambaya yaushe maganin zai iso asibitinmu, inda wani lokaci ko jinin ƙari sai an yi ta yawon nema.

Ba ta kai ga karɓar digiri ba, ba ta bar ɗa ba. Abin da ta bari shi ne yanzu a danginmu ba a ɗaura aure sai an gwada jini, ko dattawa sun yi tsaki. Ga waɗanda ba a haifa ba, ta gama aikinta. Hafsa kuwa an riga an haife ta.

Makon jiya ciwon Hafsa ya tashi. Inna na matsa mata ƙafafu, na ba su labarin rediyon don in kwantar musu da hankali. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ɗago.

"Abin ga mai lalube, ya san hanyar Yelwa?"

Hafsa ta daina nishi, ta zuba mini ido tana jiran amsa. Allah ya jiƙanki, Saratu. Ke ce mai amsa irin wannan tambayar.