Fom ɗin Malam Tsuntsu

Shekara talatin da ɗaya Anti Tafireta ta yi tana buga takardu a kwalejinmu, kuma ko bayan an kawo kwamfuta an kai tsohuwar tafiretar sito, sunan bai bar ta ba. Ofishinta yana jikin ɗakin karatu inda nake aiki, bango ɗaya ne tsakaninmu, don haka na san tarinta, na san tsakinta. Gajeriyar mace ce mai gilashi da igiya. Mijinta ya rasu tun da ƙuruciyarta, 'yarta ɗaya ta yi aure can nesa. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma ɗaukar wargi.

Kwalejin ƙarama ce, malamai ba su kai arba'in ba, amma wajen hura hanci ba a bar mu a baya ba. Duk ƙarshen shekara ana fitar da ɗan littafi mai shuɗin bango, a jera abin da kowane malami ya yi: wanda ya wallafa littafi, wanda ya gabatar da takarda a taro, wanda ya shirya wasan kwaikwayo ko ya baje zane-zanensa. Malami zai cike fom ya jefa a akwatin katako da ke ƙofar Anti, makullin kuwa yana jakarta. Dokarta ɗaya ce, ita ta kafa wa kanta: abin da ba ta riƙe da hannunta ba, ba ta bugawa. Na taɓa ganin wani dakta da digirinsa uku yana zufa a gabanta, yana rantsuwa mujallar tana hanya. Ta ce masa idan ta iso ya dawo.

Akwai wani dattijo mai koyar da ilimin halittu, dogo siriri, ɗalibai suka laƙaba masa Malam Tsuntsu saboda kullum kansa yana sama yana leƙen bishiyoyi. Littafi yake rubutawa a kan tsuntsayen harabar kwalejin. Kowace shekara fom ɗinsa da koriyar tawada yake zuwa, layi ɗaya tak: "Littafin tsuntsayen kwaleji. Saura kaɗan." Anti sai ta rubuta a ƙasa da jan biro, "A kawo littafin," ta aika a kira shi. Ya zo ya zauna a kujerar baƙi, ya yi awa guda yana musu cewa abin da ya kusa ƙarewa ma aiki ne, ita tana cewa ba a ofishinta ba. Daga nan ya shiga ba ta labarin tsuntsuwar da ta yi sheƙa a saman tagarta, sannan ya ninke fom ɗinsa ya tafi. Shekara goma sha bakwai ina jin wannan ta bango. Gaskiya haushi yake ba ni, ina ganin tsoho ne mai cika baki ba abin nunawa.

Cikin wani dogon hutu Allah ya yi masa rasuwa, da hantsi, a kan kujerarsa. Ba mata ba 'ya'ya. Ƙanensa ya zo ya kwashe tufafi, aka rufe ofishin.

Da shekara ta zagayo, ranar buɗe akwati, sai na ji Anti ta ƙwanƙwasa bangon da ke tsakaninmu, abin da ba ta taɓa yi ba. Na same ta tsaye, ta ajiye fom ɗaya a tsakiyar tebur ta ja da baya. Koriyar tawada ce, rubutun Malam Tsuntsu mai kwanciya gefe, kwanan watan kuma na wannan makon. Saura kaɗan. Na ce ai iya shegen ɗalibai ne, na sa yatsa a kai don in nuna ban tsorata ba. Tawadar ta kama yatsana, ba ta bushe ba.

Muka karɓi makulli wurin mai gadi muka je ofishinsa da rana tsaka. Ƙura ta rufe komai, kantoci, littattafai, har kofin shayinsa. Amma mazaunin kujerar fes yake, haka ma wurare biyu a bakin tebur inda mutum kan dafa gwiwar hannu. Mun duba kowace durowa, ba mu ga littafi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bishiyar da ke bakin tagar cike take da tsuntsaye, kuma ko ɗaya bai yi kuka ba har muka fito.

Anti ta kulle fom ɗin a durowa ta ce kada in faɗa wa kowa. Shekara ta biyu wani fom ɗin ya sake zuwa. Daga nan ta fara ramewa. Ta juya kujerar baƙi tana kallon bango, kowace safiya kuma sai ta iske ta tana kallon teburinta. Ta gaya mini saura mata shekara ɗaya ta yi ritaya, ba ta son ta tafi da haƙƙin bawan Allah a wuyanta, so take abin nan ya daina zuwa. Na ce to ta buga sunansa mana kowa ya huta. Ta harare ni ta saman gilashi.

"Ƙanwata, ban buga masa ƙarya yana raye ba, sai yanzu da ya mutu?"

Da na uku ya zo, sai ta ɗauki jan biro, ta rubuta abin da ta saba rubutawa, ta mayar cikin akwati. Ranar Litinin muka tarar da damin takardu a kan kujerar baƙi, ɗaure da zare, shafi ɗari huɗu da 'yan kai.

Mako uku ta yi tana bugawa, ina karanta mata inda idonta ya gaza. Kunya ta kama ni, don littafin ya yi kyau ƙwarai. Kowane tsuntsu da zanensa, da lokacin zuwansa, da reshen da ya fi so. Shugaban kwaleji ya ce ba a sa mamaci a jerin malamai. Anti ta ce, "Ranka ya daɗe, fom ɗin bai tambayi ko mutum yana da rai ba. Aiki ya tambaya, ga shi kuma a hannuna." Sunan Malam Tsuntsu ya fito a shafi na farko na ɗan littafin mai shuɗin bango.

Ranar da take kwashe kayanta za ta yi ritaya, ta nuna mini shafin ƙarshe na littafin tsuntsayen, wanda ta cire ba ta buga ba. Kwanan watan da ke jiki ya nuna ya gama littafin shekara goma sha ɗaya kafin rasuwarsa. A ƙasa ya rubuta: "Malama, ya daɗe da ƙarewa. Amma idan na kawo, me zai kawo ni ofishinki baɗi?"

Ta ninke shi ta sa a jaka.

Shekara ta gaba, ranar buɗe akwati, sai ga ta da sassafe cikin kayanta masu kyau. Ta roƙi sabuwar mai buga takardu ta bar ta ta duba. Ta bi fom ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ta kai ƙarshe, ta sake farowa. Babu kore ko ɗaya. Na ce mata alhamdulillahi, ai abin da muke so ke nan, ya huta ita ma ta huta.

Ta zauna a kujerar baƙi, ta cire gilashinta.

"Da na sani," ta ce, "da ban ce ya kawo ba."