Titin da Kafinta Ya Daina Bi

Kuɗi Hannu ake kiransa a layin masu sana'a, kuma yana amsawa ba tare da jin haushi ba. Kafinta ne, gajere, mai faɗin ƙirji, wanda dusar katako ba ta rabuwa da girarsa. Idan ka kai masa aikin ƙofa ko gado, zai ɗauki awo, ya yi lissafi a ka, ya faɗa maka kuɗin katako. Ka ba shi, ya hau babur ya sayo, ya nuna maka itacen kafin ya sa masa zarto. Ladan aikinsa kuwa sai ranar da ka zo ɗauka. Ba ya karɓar kaya bashi, ba ya bayar da aiki bashi. Mai walda da ke jikin shagonsa yakan ce ko gaisuwa ce, sai ka biya Kuɗi Hannu kafin ya amsa maka.

Haka yake a gida ma. Ɗaki biyu suke haya shi da matarsa da yaransu, kuma duk abin da ya shigo ɗakunan nan sai da kuɗinsa suka cika kafin ya shigo. Firji ya zo musu bayan na maƙwabta sun tsufa. Matar takan yi ɗan ƙorafi, musamman idan ruwan sama ya sa ta jera robobi a tsakar ɗaki, shi kuma ya ce mata ai rufin ba nasu ba ne, amma barcin da suke yi nasu ne, ba wanda zai buga musu ƙofa da safe.

Abokinsa na gaskiya ɗaya ne, Mai Katako, yayan matarsa. Tun kafin auren suke tare, a wurinsa ma ya fara ganin yarinyar. Rumfar Mai Katako tana kan titin da ya bi ta bayan tashar mota, doguwa, mai duhu daga ciki, tana ƙamshin ɗanyen itace. Kowace yamma idan kafinta ya rufe shago nan yake tsayawa. Su zauna a kan tulin katako, a kawo shayi, rediyo na magana su kuma suna yi masa gardama. Halinsu ya sha bamban. Mai Katako duk kasuwancinsa a kan amana yake tafiya: masu manyan motoci su sauke masa kaya ya biya daga baya, kafintoci su ɗiba su biya idan sun samu. Yakan ce wa surukin nasa, a duk garin nan kai kaɗai ne ba ni da abin da zan riƙe ka da shi, sai ƙanwata, ita ma na bayar kyauta.

Wani lokaci 'yar Mai Katako ta fari takan biyo ta rumfar daga makaranta. Aikin jinya take karantawa, amma Likita suke ce mata. Takan ɗaura wa kafinta abin awon jini a damtse don ta koyi hannu, ta ce, Baba Kafinta, naka ya fi na Babanmu kyau. Uban ya ce ina zai samu hawan jini, mutumin da ko ashana ba a bin sa.

Abin ya faro ne daga wani ma'aikacin ofishin makarantu da kafinta ya yi wa kabad. Aikin ya burge shi, sai ya ce gwamnati za ta zuba tebura da bencina a sababbin ajujuwa, kuma yana iya sa sunansa kai tsaye, ba sai ta hannun ɗan kwangila ba. Sharaɗin dai shi ne babu kafin alƙalami: a yi aiki, a kai, a duba, sannan a biya. Kafinta ya yi godiya ya ce ba tsarinsa ba ne. Amma maganar ta bi shi gida. Shekaru sun fara ja, gwiwa ta fara ƙara idan ya durƙusa, ga wani fili a bayan gari da ya daɗe yana tambayar kuɗinsa yana dawowa. Da yamma ya ba Mai Katako labari kamar abin dariya, shi kuwa bai yi dariya ba.

"Kai fa matsalarka tsoro," in ji Mai Katako. "Gwamnati ce, ina za ta gudu? Ko ta tashi, ai ka san gidanta. Ɗebi katako, idan sun biya ka ka biya ni."

"Yaya, ban saba ba."

"To ka saba. Ko so kake ƙanwata ta tsufa tana tarar ruwa a roba?"

Ya ɗiba. Ya ɗiba har sai da aka ga bangon bayan rumfar, wanda ba a taɓa gani ba. Ya ɗauki ma'aikata, ya yi aiki mai kyau, irin wanda ko ɗalibai sun hau sun yi tsalle ba zai motsa ba. Aka loda a motoci aka kai, masu dubawa suka zo suka bubbuga suka yaba. Aka ce ya saurari kira.

Kiran bai zo ba, sai ya fara zuwa da kansa. Ya san benci mai tsawo da ke barandar ofishin, ya san wanda ya yi shi ba gwani ba ne domin ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta. A nan ya haɗu da mai fenti, da mai gilashi, da wata mata da ta ɗinka labulen tagogi, kowa da irin tasa. Yau a ce oga ya yi tafiya, gobe a ce kuɗi ba su sauko ba. Ana cikin haka gwamnati ta canja. Sababbin suka fito a rediyo suka ce sun tarar da baitulmali wayam, sun gaji bashin waje da na gida wanda ko ruwansa da ƙyar ake biya, don haka an kafa kwamiti ya tantance wanda ake bi da gaske. Mai fenti ya ce to ashe su ma cin bashi suka yi suka ci namu. Aka yi dariya a barandar, ban da kafinta.

Da farko yana tsayawa a rumfa kamar kullum, yana ba da rahoton abin da aka ce a ofis, Mai Katako ya ce a bar maganar a sha shayi. Amma kafinta ba ya iya barinta. Idonsa na kan bangon nan da ya fito fili. Ya lura masu motoci sun rage sauke kaya. Wata yamma ya iso ya tarar da ɗaya daga cikinsu tsaye yana ɗaga wa surukinsa murya, Mai Katako na ba shi haƙuri da hannu biyu. Bai tsaya ba, ya wuce kamar bai gani ba. Washegari ya bi ta titin asibiti, wanda ya fi nisa, ya ce wa kansa yana da saƙo a can. Jibi ma haka. Kafin wata ya ƙare babur ɗin da kansa yake karkata can.

Abin da ya ƙudura shi ne ba zai koma ba sai da kuɗi a hannu. Bai san yadda mai bashi ke zama a gaban wanda yake binsa ba, bai taɓa koya ba. Wasu kafintocin da Mai Katako ke bi sukan zo su zauna, su sha shayinsa, su yi masa ba'a, su ƙara ɗiba. Shi kuwa gani yake idan ya zauna a kan katakon nan ya karɓi kofi, sata ce ta biyu. Idan waya ta yi ƙara ya ga Yaya ne, sai ya bar ta ta gaji, daga baya ya aika ta bakin matarsa cewa aiki ne ya yi yawa.

A shekara ta biyu Likita ta kwanta. Zazzaɓi aka ce, sannan aka ce ƙoda. Matarsa ta tare a asibiti. Shi ya sayar da injin goge katako, ya ba ta kuɗin ta kai, ya ce kada ta ce daga ina. Kullum yana wucewa ta ƙofar asibitin a kan hanyarsa ta gida, yana rage gudu, ba ya shiga. Bai kai ga yanke shawara ba yarinyar ta rasu.

Ya je ta'aziyya, ba za a ce bai je ba. Ya shiga cikin taron mutane, ya miƙa hannu a layi, ya faɗi abin da kowa ke faɗa, idonsa a ƙasa. Ya ji Mai Katako ya riƙe hannun nasa fiye da na sauran, ya ji kamar zai yi magana, sai na bayansa ya matso, shi kuma ya zare. Ya zauna can gefe kusa da takalma. Da mutane suka fara raguwa, har ya zama za a iya ganin kowa, ya tashi.

Matarsa ba ta yi masa faɗa ba. Ta daina dai kawo sunan yayanta a gabansa. Ta je ta dawo, ta ajiye mayafi, ta shiga girki. Sau ɗaya kawai, tana ninke kayan yara, ta ce masa ba tare da ta ɗago ba, ita da a ce tana da miji mai cin bashi da rashin kunya, da yanzu yayanta yana da aboki. 

Watanni suka shuɗe kafin ta kawo saƙo: Yaya ya ce ya zo gida, ya taho da kayan aiki. Wannan karon ba gayyata ba ce da zai iya kauce mata, aiki ne. Ya ɗaure akwatinsa a bayan babur ya bi ta titin bayan tasha. An raba rumfar biyu, rabi mai sayar da tayoyi ya karɓe, a ɗaya rabin 'yan katakai ne jingine da bango kamar masu jiran mota.

Ya sami Mai Katako a tsakar gida a kan kujera, riga ta yi masa yawa. Suka gaisa. Kafinta ya fara abin da ya yi ta haddacewa a hanya, cewa kwamiti ya gama zama, an ce sunansa na ciki, za a fara biya kashi-kashi. Mai Katako ya ɗaga hannu.

"Na kira ka ka yi mini lissafi ne?"

"A'a, Yaya."

"Kwanakin farko na rasuwar gida cike yake, ba ka ma samun damar sanin abin da ya same ka. Daga baya kowa ya koma harkarsa, haka ne daidai. To yamma ce ke da wuya. Ina zaune a rumfa, duk babur ɗin da ya taho sai na ɗaga kai. Ka san naka yana da wata ƙara."

 Can kafinta ya tambayi abin da ya yi watanni yana cinsa, ko da kuɗin na nan da an kai ta wani asibitin, ko da abin ya zo da sauƙi.

"Likitoci sun ce ba zai canja komai ba. Uwarta ta yarda da su. Ni ban sani ba, na dai daina tambayar kaina." Ya dafa gwiwa ya miƙe. "Taso."

Ɗakin yarinyar ne. An kwashe tufafi da littattafai, saura gado da tebur da kantar bango. Mai Katako ya ce zai sa ɗan haya a ƙarshen wata, wani malamin makaranta mai nasa kayan. Bai faɗi dalili ba, kafinta ma bai buƙaci a faɗa masa ba. Ya ce ya gwada kwance gadon da kansa, ya sa sifana a noti na farko ya kasa, kuma ba ya son baƙo ya shigo ya yi ta buga guduma yana fito.

Kafinta ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya ɗaga katifar ya jingine. Notocin sun yi tsatsa, sai da ya ɗiga musu mai ya jira. Ya kwance gefe ɗaya, ya ce, Yaya, riƙe mini nan kada ya faɗi. Mai Katako ya zo ya riƙe. Suka yi aikin a hankali, ɗaya na kwancewa ɗaya na tallafewa, ba mai cewa komai sai ɗaga, sai saki. Kafinta ya zuba notocin a leda ya ɗaure ta a jikin allon kan gadon, ya haɗa katakan ya ɗaure da igiya, suka ɗauka tare zuwa ɗakin ajiya.

Da suka fito Mai Katako ya tambaye shi ko zai sha shayi. Ya ce zai sha. Aka kawo, suka zauna, ba rediyo. Kafinta ya nemi wata maganar ba'a irin ta da, ya laluba ya rasa, shi ma Mai Katako bai nemo ba. Da zai tafi ya ce tebur da kanta sai gobe, hasken ya yi ƙasa. Aikin rabin awa ne, dukansu sun sani.

"Allah ya kai mu," in ji Mai Katako. "Ka biyo ta rumfa mu taho tare."