Bula a Rigar Baba

Mahaifina ya yi shekara talatin yana sayar da shadda a kasuwar Garwa, kuma abu biyu yake taƙama da su: idonsa da tumbinsa. Idon, in ji shi, tun daga ƙofar shago yake rarrabe fari iri bakwai. Tumbin kuwa shaida ce cewa Allah ya rufa asiri. Shayinsa na safe cokali huɗu na sukari yake ci, la'asar kuma ba ta wuce shi ba tare da tsire ba.

Wata shekara ya fara mita cewa Inna ta manta wanki. Wai fararen rigunansa sun koma ruwan ɗorawa, a ƙara bula a ruwan ɗauraya. Ta ƙara. Ya ce da saura. Ta sake ƙarawa, don Inna ba ta musu a kan abin da ba zai hana tuwo dahuwa ba. Haka ya riƙa fita kasuwa cikin riga shuɗiya, shi a ganinsa fara ce sol. Ni ma na gani, na ja bakina na yi shiru.

Sai abin ya shiga shago. Ya mayar wa dillalinsa bandir biyu na farar shadda mai kyau, ya ce a gaban mutane tsohuwa ce ta sha rana. Wani tela daga Pitowa da ya daɗe yana saye a hannunsa ya koma shagon gaba. A nan ne na matsa masa muka je asibiti.

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu. Ya sa aka gwada jini, ya kuma auna ƙugun Baba da abin awo irin na tela, abin da Baba bai yafe masa ba har yau. Sukari ya hau, ga hawan jini, ga kitse a jini. Ya ce waɗannan da tumbi tare suke tafiya, kuma mai ɗauke da su yanar takan riga tsufa zuwa idonsa. Ba za a yi aiki ba sai sukarin ya sauka. Wata huɗu Baba yana shan shayi lami, yana fushi da kowa har kajin gida.

Da sukarin ya sauka aka yi wa idon dama aiki. Ranar da aka kwance masa bandejin, muka dawo ya zauna a tsakar gida. Rigunansa na shanye a igiya. Ya rufe wannan ido ya buɗe wancan, ya daɗe yana yi.

"Rigunan wane ne waɗannan?"

Inna ta ce, "Naka ne, Alhaji."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu ke nan."

"Duk kasuwar nan, har da gidana, ba wanda ya faɗa mini?"

Na ji kunya sosai, don ni aka sa makaranta, ni ya kamata in gane.

Inna ta ce bari ta jiƙa su ko bular za ta fita. Ya ce a bar su. Washegari ya zaɓi wadda ta fi shuɗi ya sa, ya tafi neman dillalin nan da ya ƙaryata.